Amsa: Mazarin da ke yawo garke-garke bayan ruwan sama

Malam, waɗanda ka ce kana gani a filin ƙwallo a Kawo, masu ruwan ɗorawa, da alama nau'in mazarin da masana ke kira Pantala flavescens ne. Ka lura da kyau, da wuya ka gan su sun sauka, shawagi kawai suke yi suna cafkar sauro da ƙananan ƙwari. A kududdufin damina suke zuba ƙwai, har kan mota mai sheƙi sukan tsoma jela, a zatonsu ruwa ne.

Jan nan wur mai faffaɗan ciki da ke zama kan ciyawa a bakin Kogin Kaduna daban yake, namijin wani irin mazari da masana ke kira Crocothemis ne galibi. In kuwa siriri ne ya naɗe fukafukai a baya, wani dangi ne can. Turo hoto mu duba.