Bashin banki da tafiya Saudiyya

Ɗan'uwa ka ce ka ci bashin banki ka sayi babur, yanzu kuma biza ta fito za ka Saudiyya aiki, wai ko bashin zai bi ka can. Ba wanda zai tare ka a filin jirgin Malam Aminu Kano kan wannan, sai dai in maganar ta kai kotu. Amma fa bashin na nan daram, kuɗin ruwa sai hauhawa yake kana can.

BVN ɗinka, wato lambar shaidarka ta banki, shi ne matsalar. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya (CBN) ya kawo tsarin ƙwato bashi da ake kira GSI, in dai ka sa hannu lokacin karɓar kuɗin to banki zai iya kwasar haƙƙinsa daga duk wani akawun da ke kan BVN ɗinka ko da na wani bankin ne, wato ranar da ka canza riyal ka turo a sayo wa Inna buhun gero sai dai ka ga alat na cirewa wallahi. Sunanka kuma ya shiga cikin waɗanda ba sa biya, ka dawo ba mai ƙara ba ka rance.

Ni wanda ya tsaya maka nake ji. Nan ƙauyenmu wajen Ringim wani yaro ya yi haka, kawunsa da ya sa masa hannu sai da ya kai sansa na huɗa kasuwar Maigatari ana gab da damina, har yau ba sa gaisawa.

Ka saida babur ɗin ka rage, sauran ka je bankin da ƙafarka a tsara maka biya wata-wata, kuma a rubuce.