Dendirima mai ƙarfe: me ya sa awo ɗaya bai isa ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar kimiyyar sinadarai ce daga Unguwar Rimi, Kaduna. An ba mu aiki a kan dendirima masu ɗauke da ƙarfe. Me ya sa ake auna su da lantarki, a kuma sake duba su da madubin ƙara girma? Ɗaya bai wadatar ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bai wadatar ba.

Dendirima ƙwayar sinadari ce da ake ginawa reshe a kan reshe daga cibiya ɗaya. Irin da Donald Tomalia ya bayyana a 1985, wato PAMAM, idan ta kai hawa na 4 tana da bakunan rassa 64, faɗinta kusan nanomita 4.5 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). A bakunan nan ake rataya ferosin, sinadarin da ke riƙe da baƙin ƙarfe a tsakiyarsa.

Amfaninsa aike ne. A na'urar awon sukari, enzayim (wani furotin) da ke gane sukari a jini yana ƙwace lantarki daga sukarin, amma wurin da yake ajiye shi na can cikin jikinsa, ba ya kaiwa ga farantin awo, wato farantin da ke karɓar lantarki a na'urar. Ferosin ke karɓowa ya miƙa. Na'urar awon sukari ta ExacTech da ta fito a 1987 da dangin ferosin ta yi aiki.

A awon lantarki, ana ɗaga ƙarfin wuta a sauko da shi, ƙarfen ya ba da lantarki ya kuma karɓe, sai tudu biyu su fito a zane. Nan nake so ki natsu. Ki ninka saurin awon sau huɗu: idan tsayin tudun ya ninka huɗu, dendirimar ta manne a farantin; idan biyu kawai ya ninka, yawo take cikin ruwa.

Sai dai wuta ba ta faɗa miki yadda dendirimomin suka kwanta a farantin. Madubin AFM, wanda aka ƙirƙiro a 1986, yana shafa farantin da tsinke mai tsini, ya nuna ko shimfiɗa suka yi ko curewa. Kada ki firgita idan tsayinsu bai kai 4.5 ba, bajewa suke yi idan sun manne. Inda suka cure kuwa, awon yau ba zai dace da na gobe ba, kuma mai ciwon sukari da lambar nan yake shan magani.

Idan da hunturu za ki shirya samfurinki, ki rufe shi sosai, don ƙwayar ƙura ɗaya a AFM kamar dutsen Kufena take fitowa.