Dalilin da ya sa ake rufe kwalejinmu ranar 24 ga Afrilu

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Ka tambaye ni yadda aka yi kwalejin gwamnati a Amurka take rufe ƙofofinta saboda kisan da aka yi wa Armeniyawa a wata ƙasa fiye da shekara ɗari da suka wuce, da kuma yadda mu Hausawa mazauna nan muke ɗaukar ranar, tunda dai waɗanda ake zargi da aika-aikar Musulmi ne.

Kwalejin da nake aiki a kusa da ita tana Glendale, wani gari da ke maƙwabtaka da Los Anjeles a jihar Kalifoniya, kuma irin kwalejojin nan ne na shekara biyu da jiha take ɗaukar nauyinsu domin 'ya'yan talakawa da magidanta masu karatu bayan tashi daga aiki. Mutanen garin sun kusa 200,000, kuma Armeniyawa kaso ne mai girma a cikinsu. Wasu daga Iran suka zo, wasu daga Labanon bayan ɓarkewar yaƙin basasa a 1975, wasu kuma daga Armeniya kanta bayan rushewar Tarayyar Sobiyet.

Abin da suke tunawa ya faro ne ranar 24 ga Afrilu, 1915, lokacin da hukumomin Daular Usmaniyya ta Turkawa (ba ta Shehu ɗan Fodiyo ba) suka kame shugabanni da marubuta da malaman Armeniyawa sama da 200 a Istanbul, aka kashe mafi yawansu. Daga nan aka shiga korar jama'a daga garuruwansu, ana tisa ƙeyar mata da yara da tsofaffi a ƙafa zuwa hamadar Siriya, musamman yankin Deir ez-Zor, inda yunwa da ƙishirwa da takobi suka cinye su. Armeniyawa suna cewa mutum miliyan ɗaya da rabi suka halaka. Gwamnatin Turkiyya ta yarda an yi asarar rayuka masu yawa a lokacin Yaƙin Duniya na Farko, amma ta ƙi amincewa cewa kisan ƙare dangi ne. Shugaba Biden ya kira shi da wannan suna a 2021.

Batun hutun kuwa, akwai lissafin kuɗi a ciki. Jiha tana ba kwalejoji kuɗi ne gwargwadon ɗalibai da kwanakin karatu, saboda haka kwaleji ba ta da ikon ƙirƙiro hutu yadda ta ga dama, ko da ɗalibai da malamai sun riga sun saba ƙaurace wa aji a ranar. Sai a 2019 aka yi dokar da ta ba kwalejin Glendale izinin rufewa, sannan a 2022 Gwamna Newsom ya sa hannu a wata da ta mayar da ranar ta tunawa da kisan ƙare dangi a duk faɗin jihar.

Mu dai a nan, ranar makoki muke ɗaukarta, kuma muna horon yaranmu kada su ce wa abokan karatunsu barka da hutu, domin mutanen suna zuwa coci ne, su kai furanni wurin tunawa da ke garin Montebello kusa da Los Anjeles, wasu su yi jerin gwano zuwa ofishin jakadancin Turkiyya. Kaɗan ne daga cikinmu suke shiga jerin gwanon, saboda siyasa ta shiga cikinsa, amma jaje ga maƙwabci ba ma barinsa, kamar yadda ba a barin gaisuwar mutuwa a unguwa don mamacin ba addininku ɗaya ba.

A ganina, Musulmi ba shi da dalilin jin cewa addininsa ake tuhuma. Waɗanda suka tsara abin 'yan kishin ƙabila ne irin su Talat Pasha, ministan cikin gida na Daular Usmaniyya a lokacin, kuma kotun sojan daular ce da kanta ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa a 1919. Sharif Husaini na Makka ya ba da umarni a kare Armeniyawan da suka tsira, Larabawan hamada kuma sun ɗauki marayu sun rene su, har yanzu ma za ka ji dattijo a nan yana ba da labarin yadda wani gidan Musulmi ya ɓoye kakarsa a birnin Halab na Siriya.