Amsoshin Tambayoyinku: Idan Cutar Taurin Fata Ta Kama Huhu

Wata baiwar Allah daga Zariya ta rubuto cewa cutar nan mai taurara fata, wadda likitoci ke kira sikilerodama, ta kama huhun mahaifiyarta. An rubuta mata mycophenolate, kuɗinsa ya yi musu nauyi, mai kemis kuma ya ce prednisolone zai wadatar.

'Yar uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da alheri. Amma ina roƙonki, kada ki karɓi wannan shawara. Prednisolone yana da arha, yana kuma sa majiyyaci ya ji daɗin jikinsa cikin 'yan kwanaki, shi ya sa ake sayar da shi kamar gyaɗa. Sai dai ga mai wannan cuta, shan fiye da miligiram 15 kullum yana iya tayar da hawan jini farat ɗaya, ya durƙusar da ƙoda, kuɗin da aka yi tattali kuma ya ƙare a wankin ƙoda. Haka nake tsoron jiƙe-jiƙen da ake tallatawa a tashoshin mota, domin ba a san abin da aka zuba a ciki ba. Mai kemis bai ga hoton huhun Mama ba, bai auna numfashinta ba, da wace hujja zai sauya abin da likita ya rubuta? Ki koma asibiti ki faɗi gaskiyar aljihunki ba tare da kunya ba, domin akwai wani maganin, cyclophosphamide, da ake iya bayarwa a madadin mycophenolate ƙarƙashin kulawar likita. Duk abin da za ki saya, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa.

Wani daga Maraɗi yana tambaya ko ya sayar da gona ya sayi nintedanib, wanda Amurka ta amince da shi don wannan cuta a 2019. Maganin yana rage saurin lalacewar huhu ne kawai, ba ya mayar da abin da ya riga ya taurare, yana kuma yawan sa gudawa. Kada ka taɓa gonar sai likita ya tabbatar da buƙatarsa.

Shi kuwa wanda ya ji ana ba da sildenafil don hawan jinin huhu, yake son sayen "maganin maza" mai ɗauke da wannan sinadari a bakin titi, amsata ita ce a'a. Sai an yi gwaje-gwajen zuciya an tabbatar da matsalar tukuna, likita ne kuma zai ƙayyade adadin.