Wane irin tumatir ya dace da lambun gida?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da ɗan fili a bayan ɗaki, mita uku da huɗu ne, sai bokitai biyar da na huda gindinsu. Bara na matse ƙwayoyin wani kyakkyawan tumatir da na saya na shuka. Ya yi tsawo har ya fi ni, ya yi fure jingim, amma furen ya riƙa zubewa. 'Yan kaɗan da suka ƙulla gindinsu ya yi baƙi, wasu tsirran kuma suka yi yaushi suka mutu alhali ina ba su ruwa. Bana ina so in sayi iri na kirki, sai dai sunayen sun yi mini yawa. Wanne zan zaɓa?

Amsa: Barka kadai, Malama. Matsaloli uku kika kwatanta, kuma biyu daga cikinsu tun ranar sayen iri ake yi musu rigakafi. Saboda haka kafin hoton da ke jikin takardar iri ya ja hankalinki, ki fara duba lambun naki: yawan zafinsa, irin cutar da ke cikin ƙasarsa, da faɗinsa.

Bari in fara da ƙwayoyin da kika matse. Akasarin tumatirin da ake nomawa don sayarwa iri ne mai aure, wanda za ki ga an rubuta F1 a takardarsa. An haɗa iyaye biyu ne daban-daban aka samu ɗa mai ƙarfi da yawan haihuwa, amma jikokin ba sa biyo shi. Wani ya ɗauko kakarsa, wani ya ɗauko kakansa, wani ya fito ba juriyar cuta ko kaɗan. Irin gado kuwa, kamar Roma VF ko Moneymaker ko Marmande, abin da kika shuka shi za ki girba, shekara bayan shekara, domin furen tumatir shi ke barbarar kansa. Mai aure ya fi jure cuta galibi, amma duk shekara sai kin sayi sabo. Kowanne da amfaninsa, kuma lambun gida yana ɗaukar duka biyun.

Sai tsarin girma. Akwai mai tsayawa, akwai mai yaɗo. Mai tsayawa yakan kai santimita 60 zuwa 120, sai kan reshen ya rufe da fure, ya daina tsawo, 'ya'yan su nuna kusan lokaci guda cikin 'yan makonni. Roma da UC82B suna cikin wannan rukuni. Mai yaɗo ba ya tsayawa sai cuta ko sanyi sun kashe shi. Yakan wuce mita biyu, yana fure yana ƙulla 'ya'ya kaɗan-kaɗan wata da watanni. Moneymaker, San Marzano, da yawancin ƙananan tumatir masu girman ƙwayar inabi haka suke. Naki na bara mai yaɗo ne bisa ga alama. Shi irin wannan dole a kafa masa sanda mai tsawon mita biyu, a ɗaure shi, a riƙa tsinke tohon da ke fitowa a hammatar ganye tun bai wuce tsawon yatsa ba. Mai tsayawa kuwa ba a tsinke masa toho, domin a kan waɗannan rassan 'ya'yansa suke.

Zubewar fure ita ce ta fi ci wa masu lambu tuwo a ƙwarya, kuma yawanci zafi ne. Tumatir ya fi jin daɗi tsakanin digiri 21 zuwa 27 da rana. Idan zafin rana ya haura digiri 32 kwanaki a jere, dare kuma bai sauko ƙasa da 22 ko 23 ba, garin furen yakan lalace, barbara ba ta yiwu. Ki duba furen da kyau: a ɗan sama da shi akwai wata gaɓa a jikin siririn karan, kamar gwiwa. Nan ne za ki ga ya yi rawaya, kwana biyu ko uku furen ya ɓalle daga wannan gaɓar ya faɗi. Zafin dare ya fi na rana ɓarna, mutane da yawa ba su lura da wannan ba. Sanyin dare ƙasa da digiri 13 ma yana jawo haka. Takin naitirojin da ya yi yawa, musamman yuriya, shi ma yana sa ganye ya yi kore shar, kara ya yi kauri, fure ya zube.

A nan ne zaɓen iri yake da nauyi sosai. Manyan tumatir masu nama, irin su Brandywine, daɗinsu ba a magana, amma su ne na farko da ke zubar da fure a zafi, ga jinkirin nuna, ga ƙarancin 'ya'ya. Ba na ba mai fara lambu shawarar su a wuri mai zafi. Ƙananan nan, kamar Gardener's Delight, Supersweet 100 da Sungold, sun fi kowa ci gaba da ƙulla 'ya'ya idan rana ta ƙwalle. Akwai kuma waɗanda aka ƙirƙiro musamman don zafi, misali Heatmaster da Solar Fire, wanda Jami'ar Florida ta Amurka ta fitar. Cibiyar binciken kayan lambu ta duniya da ke Taiwan ta daɗe tana samar da ire-iren tumatir masu jure zafi, kamfanonin iri suna gina nasu a kai. Duk da haka ba irin da zafin digiri 40 ba ya razanawa. Ki daidaita shukar yadda lokacin furen zai faɗa cikin watannin da dare ke da sanyi-sanyi.

Yanzu maganar yaushi. Kada ki sayi iri sai kin san abin da ya kashe tsirran bara, domin haruffan da ke bayan sunan iri amsa ce ga cuta takamaimiya. V da F na nufin juriyar cututtukan yaushi biyu da ke zaune cikin ƙasa, Verticillium da Fusarium. N tsutsar saiwa ce, wadda ido ba ya gani. T ko TMV cutar dabbare-dabbaren ganye ce. TYLCV ita ce mai naɗe ganye ta mai da shi rawaya, tsiro ya tsumbure, farin ƙuda ke yaɗa ta. BW kuma yaushin bakteriya.

Ga yadda ake ganewa idan tsiro ya yi yaushi. Ki tuge shi ki karkaɗe ƙasar. In kika ga saiwar ta yi ƙulli-ƙulli kamar an jera duwatsun wuya, tsutsar saiwa ce, nemi N. In saiwar lafiya lau take, ki tsaga karan a tsaye daga gindi: idan akwai ratsin ruwan ƙasa a ciki, kuma ganyen ƙasa ne suka fara rawaya, sau da yawa a gefe guda, to Fusarium ne, nemi F. In kuwa tsiron ya langaɓe gaba ɗaya yana kore, cikin kwana ɗaya ko biyu, ki yanki guntun kara daga gindi ki rataya bakinsa cikin kofin gilashi mai ruwa garau, kada ki motsa. Bayan 'yan mintoci, idan wani farin zare kamar hayaƙi ya fara sauka daga yankan, yaushin bakteriya ne. Wannan ba shi da maganin feshi, kuma yana daɗewa a ƙasa, sai iri mai BW ko kuma ki koma bokiti da sabuwar ƙasa. Abu ɗaya game da N: juriyar tana raguwa idan zafin ƙasa ya wuce digiri 28, don haka ki lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa. Juriya dai ba sulke ba ce, rage ɓarna take yi.

Baƙin gindi shi ne ba laifin iri kaɗai ba. Kalsiyam ne bai isa ƙarshen ɗan tumatirin ba, kuma galibi ba don ƙasa ta rasa shi ba, sai don ban ruwa na yau akwai gobe babu. Dogayen tumatir irin su Roma da San Marzano sun fi kamuwa, ƙananan kuwa da wuya. A bokiti abin ya fi tsanani saboda ƙasar na saurin bushewa. Wannan rashin daidaiton ruwa ne kuma ke tsaga fata. Sungold, duk da zaƙinsa, ya yi suna wajen tsagewa bayan ruwa mai yawa.

To, ga yadda zan raba filin naki. Mita uku da huɗu zai ɗauki layi uku, tazarar kusan mita ɗaya tsakaninsu, santimita 60 tsakanin tsiro da tsiro, wato kimanin tsiro 18 zuwa 20. Rabinsu ki ba mai tsayawa, Roma VF ko UC82B, domin namansu da kauri, ruwansu kaɗan, sun dace da girki da busarwa, kuma ba sa saurin ruɓewa bayan tsinka. Kada ki dasa su rana ɗaya. Ki raba biyu da tazarar mako uku ko huɗu, don kada su nuna miki gaba ɗaya. Biyar ko shida ki ba mulmulalle mai aure wanda haruffansa suka dace da cutar da kika gano. Celebrity misali ne sananne, yana ɗauke da V, F, N da T, amma in farin ƙuda ya yi yawa a wurinki, mai TYLCV ya fi shi muhimmanci. Biyu ko uku ki ba ƙananan masu yaɗo, a layin da ba za su yi wa gajeru inuwa ba. Sauran gurbi ɗaya ko biyu na gwaji ne, duk irin da ranki ya so.

Bokitan kuma, tsiro ɗaya a kowanne, kada ki ƙara. Mai lita 20 zai ɗauki ƙaramin tumatir mai yaɗo da sandarsa; in sun gaza haka, ki nemi wada irin Tiny Tim, wanda ba ya kai rabin mita. Su samu rana aƙalla awa shida.

Wajen saye, ki lura cewa kwanakin da aka rubuta a takarda, 60 ko 75, daga ranar dashe ake ƙirga su, ba daga ranar shuka ba. Ki ƙara mako biyar zuwa shida na reno. Ki duba ranar da aka ɗura irin, takardar kuma ta kasance a rufe ruf, ba wadda rana ta dafa ba. In kina shakka, ki naɗe ƙwaya goma cikin jiƙaƙƙen tsumma ki ajiye a wuri mai ɗumi. In bakwai ba su tsiro ba cikin kwana goma, irin ya tsufa.

Ki sa wa kowane layi alama da sunansa, ki rubuta ranar furen farko, ranar nunar farko, da wanda cuta ta fara kamawa. A ƙarshen kaka wannan rubutun zai gaya miki abin da ya karɓi ƙasarki fiye da duk wani jerin sunaye. Wanda ya yi fice cikin irin gado, ki ɗebi ƙwayoyinsa daga tsiron da ya fi lafiya, ki bar su cikin ruwansu kwana biyu zuwa uku har santsin ya saki, ki wanke, ki shanya a inuwa. A busasshen wuri mai sanyi sukan kai shekara huɗu. Daidai gurbin da tsirran bara suka yi yaushi kuwa, ki hutar da shi daga tumatir, barkono, gauta da dankalin turawa na shekara uku, domin dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya.