Inda always da never ke zama a jimlar Turanci

Ƙanena, ka rubuto daga Jos cewa kana shirin sauka Abuja ka zauna jarrabawar Turanci ta IELTS don neman gurbin karatu a nan Ingila, amma malaminka sai ja maka jan biro yake yi a ƙarƙashin always da never, ka rasa dalili.

Hausa ce ke jan hannunka. Mun saba cewa "kullum ina zuwa Terminus", sai ka ɗauko kullum ɗin ka dasa a farko: Always I go to Terminus. Bature zai gane nufinka, amma kunnensa ba zai amince ba. Always, usually, often, rarely da never mazauninsu daf da aikatau ne, wato kalmar aiki irin go, kafinsa: I always go. In aikatau ɗin am, is, are, was ko were ne, sai su koma bayansa: Jos is usually cold in December. In kuma akwai mataimaki irin have, can ko will, su shige tsakaninsa da aikatau: I have never travelled by air. Kada ka cusa su tsakanin aikatau da abin da aikin ya faɗa wa. I drink often tea ba daidai ba ne.

Sometimes da usually suna iya buɗe jimla. Always kuwa sai wajen umarni: Always carry your passport. Every day da twice a week sun fi zama a ƙarshe.

Abin da ya fi damuna shi ne "kan" ɗinmu. "Nakan je kasuwa ran Asabar", da yawa sai su ce I use to go. A nan used to za a ji, wato da can kana zuwa, yanzu ka daina. Ma'anar ta juye ke nan gaba ɗaya. I usually go za ka ce. Haka "ban taɓa ba": never ta riga ta ɗauke korewar, kada ka ɗora mata haven't.

Jarrabawar baka minti 11 zuwa 14 ce, kuma a kashin farko ana yawan tambayar How often do you...? Nahawu ɗaya ne cikin abubuwa huɗu da ake ba maki a kansu. Don haka ka rubuta jimla goma a kan yadda makonka ke tafiya, ka naɗi muryarka a waya kana faɗinsu, ka saurara ka ji inda always ɗinka ta sauka.