Amsoshin tambayoyinku: firaktikal ɗin fiziks na lantarki, me za a saya me za a bari

Assalamu alaikum. Wannan satin saƙonnin kusan duk na 'yan SS3 ne da iyayensu, WAEC ta matso hankali ya tashi.

Wani Alhaji daga Jega ya ce ɗansa ya matsa masa sai ya saya masa multimita, irin rawayar nan ta masu gyaran rediyo, ya saya ko ya bari?

Alhaji ajiye kuɗinka. Ita wannan lamba take nunawa kai tsaye, alhali a yawancin makarantunmu ammita (mai auna yawan wutar da ke gudana) da boltmita (mai auna ƙarfin wuta) masu allura ake ajiye wa yaro, kuma wurin karanta allurar nan ake zubar da maki. In tsakanin 0 da 1 akwai ƙananan layuka 50 to kowane layi 0.02 ne, wannan ya kamata ya iya, ya kuma sa idonsa saitin allura ba ta gefe ba. Saya masa littafin giraf da doguwar rula da fensir, canjin a ba shi na mashin ya riƙa zuwa lab.

Wani daga Ƙauran Namoda yana tambaya ko zai iya gwaji da batirin solar gidansu ko da soket. Haba kai kuwa! Batirin jarrabawa irin na tocila ne, 1.5V kowane ɗaya, na sola 12V ne kuma in waya ta haɗe kansa biyu nan take za ta yi ja ta ƙona ka, wutar soket kuwa ta wuce 200V, kisa take. Kar in sake jin wannan.

Sai wata ɗaliba daga Gusau, ta ce su da yawa ne kayan kuma saiti ɗaya, maza ke kewaye teburin, ita ko waya ba ta taɓa haɗawa ba, har ba ta barci.

Ƙanwata kwantar da hankalinki, abin bai kai yadda kike jin tsoronsa ba. Tambaya uku ake bayarwa ki amsa biyu, kuma ta lantarki in kin gane haɗi kin gama rabin aiki. Ammita a cikin layi take shiga, wuta ta ratsa ta cikinta, boltmita kuma a kan kai biyu na abin da ake aunawa ake ɗora ta. Kan mita mai jan launi zuwa ɓangaren + na batir, in allura ta koma baya kin juya ne, ki musanya wayoyin. Ki ɗaure su tam, ki cire makullin da ke kunna wutar duk sanda ba kya karanta allura don kar batir ya sauka waya ta yi zafi. Ki samu ƙawaye biyu ku roƙi malam ko minti talatin bayan tashi, ki haɗa da hannunki ki kwance ki sake haɗawa. Allah ya ba ki sa'a.

Yanzu ga wadda ta fi ɓata min rai. Mutum uku sun tambaye ni wai akwai guruf a WhatsApp da ake biya a turo "ridin" ɗin lantarki, wato lambobin da ake karantawa a mita, tun kafin ranar jarrabawar, su biya? Wallahi kar ku biya. Wai ku ba ku tunani ne? Jerin kayan da za a tanada ake aika wa makarantu, kuma da batir da akwatin resistans da ammita ɗin nan ana iya yin tambaya kala-kala, shi mai guruf ɗin cinta yake. Ko da ya dace da tambayar ma lambobinsa ba za su yi daidai da teburinka ba, domin E = I(R + r) ne, ƙaramin r ɗin nan, wato resistans na cikin batir, ya bambanta daga batir zuwa batir, batirin da 'yan rukunin farko suka sha ba ɗaya yake da sabo ba. Sai ka ga aji guda sun kawo lamba iri ɗaya har ɗigo, mai maki ba yaro ba ne, a riƙe sakamako uba ya sake neman kuɗin rajista a wannan tsadar, bayan ya sayar da buhun gero ya biya na farko. Kuma makin nan a fili yake: tebur mai yunit da adadin lamba iri ɗaya bayan ɗigo, giraf da ya ci fiye da rabin takarda, babban alwatika wurin fitar da silof (gangaren layin giraf), da matakan kariya biyu da ka rubuta a matsayin abin da ka riga ka yi. Wanne ne a ciki sai an saya?

Mai tambaya kan kalkuleta daga Argungu, Casio ta bogi ta cika kasuwa, in an ce maka rabin kuɗi to ka san me ka riƙe. Danna kowane maɓalli a gaban mai shago, ka fita da ita rana ka ga ko rubutun na fita, kuma kar ka ɗauko wadda ake ajiye rubutu a ciki, ba a shiga da ita. In ta yayanka na nan da rai sa mata sabon batir kawai.